Akwatinan da ke Teburin Sakatariya

Kowa a gidan benen nan Sakatariya yake ce mata, har yaran da aka haifa bayan ta bar aikin ofis. Ni tela ce, ƙofata na kallon tata a hawa na ƙarshe, inda matakala ta ƙare. Na san ta tun tana fita da safe da takalmi mai tsini da jaka a hammata, ana jin ƙwas-ƙwas ɗinta har ƙasa. A ofishin wasu masu gine-gine take aiki a lokacin, kuma ana cewa idan ta zauna gaban kwamfuta, kafin maigidanta ya rufe baki ta gama buga abin da ya faɗa.

Ta taɓa aure, bai yi ƙarko ba, ba ta kuma haihu ba, sai ta dawo gaban iyayenta. Ba ta cika son zancen ba, ni ma ban tona ba. Daga nan mahaifiyarsu ta rasu, kuma shekara ba ta zagayo ba Baba ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Baba direban babbar mota ne tun yana saurayi, ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, wanda a da gida ba ya riƙe shi sai ya yi ta duba agogo.

'Yan'uwa suka taru a falo. Yayanta, wanda shi ne babba, yana zaune da iyalinsa a wani gari, shi ya yanke magana.

"Ke ce hannunki ba komai," in ji shi. "Ki ɗauki hutu ki riƙe shi na ɗan lokaci, kafin mu samo mai jinya."

Ta ce to. Hutun ya ƙare aka ƙara mata, ya sake ƙarewa, aka ɗora wata a kujerarta. Zancen mai jinya kuwa shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Gidan namu matakala ce kawai, ga ƙunci ga lanƙwasa. Baba ba ya sauka sai an tara maza sun ɗauke shi a kujera. Ba a kuma barinsa shi kaɗai, domin yana ƙwarewa ko da ruwa ne, ga taurin kai, yana gani kamar in ya yunƙura da ƙarfi ƙafar za ta tuna aikinta. Saboda haka duniyar Sakatariya ta tattaru ta koma ɗaki biyu da falo da kicin. In ta sauka sayen magani ko kayan miya, sai ta ƙwanƙwasa mini in saurara mata, ta tafi da gudu ta dawo tana haki.

Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce ta haɗa ta da wani kamfani da ba ta taɓa ganin ƙofarsa ba. Suna turo mata maganar da aka naɗa, wani lokaci taron ma'aikata, wani lokaci hirar masu bincike da mutane, ita kuma ta saurara ta mayar da ita rubutu. Ta matsa teburinta a lungun falo, tsakanin ƙofar Baba da ta kicin. Akwai taga a gefen, amma bangon gidan maƙwabta take kallo, kusa har kana iya taɓa shi da tsintsiya. A ƙarƙashin teburin akwai wani abin takawa kamar na keken ɗinkina, in ta taka magana ta tsaya, in ta sake takawa ta koma baya. Baba kuma in yana son ta, cokali yake bugawa a ƙarfen gado, ya bi da kira da nauyin harshensa:

"Uwata!"

Haka yake ce mata tun tana ƙarama.

Wata safiya ina tsakiyar ɗinki ta ƙwanƙwasa mini, idanunta jajur, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau.

"Tela, don Allah keken nan naki ɗinki yake yi ko rijiya yake haƙa a cikin kunnena?"

"Ikon Allah. Keken da ke ɗakina ya aka yi ya shigo kunnenki?"

"Zo ki ji da kanki."

Ta zaunar da ni a kujerarta ta sa mini hedifon, abin sauraren da take sawa a kunne, ita kuma ta tsallaka ɗakina ta taka keken. Ko kafin ta taka, abin da nake ji shuuu ne kawai kamar ana suya, can ƙarƙashinsa wani mutum yana magana kamar daga cikin tulu. Tana takawa kuwa sai na ji kamar rina ta shigar mini kai. Na fizge abin na ajiye.

"A haka kike wuni?"

"A haka. Jimla ɗaya sai in maimaita ta har in gaji. Jiya sun dawo mini da aiki, wai guraben da na bari sun yi yawa. Matar kamfanin ta ce in aka ci gaba a haka za su daina turo mini."

Muka yi shawara na riƙa ɗinkin hannu da safe, keke sai da rana. Bai yi wani amfani ba, domin suyar nan tana nan ko na kashe komai. Abokiyar aikin nata ce ta ce mata laifin kwamfutar ne, ta kwatanta mata wani shago a layin masu kayan lantarki. Ranar da za ta je na kwashi riguna da maɓallai na zauna wurin Baba.

Abin da ya faru a shagon ita ta ba ni labari, ta kuma maimaita shi sau da yawa, kamar wadda ta je wata ƙasa. Mai shagon dattijo ne da tabarau rataye a wuya, Injiniya ake ce masa. Ya fara nuna mata wata na'ura mai ƙwayayen gilashi da ke ja kamar garwashi.

Ta ce, "Baba Injiniya, ni ba gidan rediyo zan buɗe ba. Magana kawai nake so in ji."

Ya yi dariya ya mayar, ya jawo wasu ƙananan akwatina guda biyu baƙaƙe, ɗaya kamar kwalin ashana, ɗaya kamar sandar sabulu mai abin murɗawa a gaba.

"'Yata, sautin da ke cikin kwamfuta lambobi ne kawai. Akwai ɗan abin da ke mayar da lambobin su zama abin da kunne ke ji. To na cikin kwamfutarki na jeka-na-yi-ka ne, kuma an cusa shi a tsakiyar hayaniyar wuta, fanka nan, waya can, duk yana kwasa yana zuba miki. Wannan ƙaramin, dak muke ce masa, shi zai karɓi aikin a waje. Wannan kuma amfilifaya ce, ita ke ba hedifon ƙarfi, murya ta fito a cike ba sai kin ƙure ta ba."

"Masu arahar ke nan?"

"Su ne. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai waɗanda suka fi su. Amma in don magana ce, mai tsadar ma ba zai ba ki wani abin kirki da waɗannan ba su ba ki ba."

Ta zo da wata hira da ta hana ta sakat, wani tsoho yana magana a ɗaki mai fanka. Injiniya ya jona, ya ɗora mata wani hedifon mai kauri da ke rufe kunne ruf. Ta ce da farko ta ɗauka bai kunna ba, don ba ta ji suyar ba. Sai tsohon ya yi gyaran murya kamar yana zaune a kafaɗarta.

"Tela, kwana da kwanaki ina rubuta wai ɗansa ya bar gado. Ashe gari ya bari! Na kusa kashe bawan Allah da rai."

Ta sayi akwatinan biyu da hedifon ɗin. Amma ba ta hau mota ba, a ƙafa ta dawo. Ta tsaya kallon masu fentin titi, ta shiga shagon takalma ta gwada ba ta saya ba, ta zauna a bencin tashar bas tana kallon mutane. Sai la'asar ta shigo. Baba kuwa ya ƙi shan shayin da na haɗa masa, ya juya fuska bango, ba abin da yake cewa sai, "Ina uwata?" Da ta shigo bai kalle ta ba har washegari.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da na gan ta a ciki. Ta ɗora ƙaramin akwatin a kan babban, kusa da madannan kwamfutar, suna da 'yar fitila shuɗiya. Ciwon kai ya tafi. Aikin da take kai yamma a kansa ta koma gama shi da azahar, matar kamfanin ta koma yabonta. Ni ma na samu 'yancin kekena.

Sai kuma ta fara jin abin da ba a sa ta ta rubuta ba. Takan kira ni ta ce in saurara. A bayan muryar wata mata ruwan sama na dukan rufin kwano. A bayan wani taron jirgin ƙasa na wucewa, kofuna na kaɗawa a kan tebur. Wata hirar kuma a tsakar gida aka yi ta, kaji na kuka, wani yana sara itace can nesa.

"Kin ji? Waje suke zaune. Akwai iska, ji yadda take taɓa makirfon."

Daga nan ta koma waƙa. In ta gama aiki, Baba ya yi barcin rana, sai ta sa wata mawaƙiya da ba kowa tare da ita sai mai jita. Ta taɓa ɗora mini. Wallahi har jan numfashin matar na ji, da ƙarar yatsa yana zamewa a kan tsirkiya. Da na cire, falon ya yi mini ƙanƙanta.

Ta ce, "Nan kaɗai nake fita, Tela. In na rufe kunnen nan, ba gado, ba fo, ba cokali."

Na ce mata ta dai riƙa barin kunne ɗaya. Ta ce tana bari. Da farko tana barin.

Wata rana da rana tsaka ina yanka yadi na ji wani abu ya faɗi tim ta cikin bango, irin faɗuwar da ba ta kaya ba. Na tsaya da almakashi a hannu. Sai na ji nishi. Na fita na buga ƙofarsu, shiru. Na buga da tafin hannu, na buga da takalmi, na ƙwala mata kira har na ƙasa suka leƙo. Na koma na ɗauko waya na kira ta. Allah ya sa wayar tana kan tebur a gabanta, hasken ta gani. Ta buɗe ƙofa da hedifon a wuya, fuskarta a sake, tana murmushi.

"Lafiya, Tela?"

Na ture ta na wuce. Baba na kwance a ƙasa tsakanin gado da taga, goshinsa ya fashe, hannunsa mai lafiyar ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Cokalin yana can ƙarƙashin gado. Ban taɓa jin ƙara irin wadda Sakatariya ta yi ba.

Maza suka taru aka ɗora shi a kujera. A kowace kwana ta matakala sai an tsaya an juya, yana nishi, ita tana biye tana riƙe da kansa, ba ko takalmi a ƙafarta. A asibiti aka ɗinke goshin, aka ce wuyan hannun ya karye, aka ɗaure. Hannun da yake cin abinci da shi ke nan.

Yaya ya iso bayan an sallamo su. Ina kicin ɗinsu ina dafa ruwa lokacin da ya tsaya a kan teburinta yana kallon akwatinan.

"Aiki kike yi lokacin?"

Da ta ce e, ba wanda zai ƙaryata ta. Ta ce, "A'a, Yaya. Waƙa nake ji."

"Waƙa! Mahaifinki na ƙasa cikin jini, ke kin toshe kunne kina jin waƙa. Wannan tarkacen zan tafi da shi yau."

Ya kai hannu zai zare waya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗauka, Yaya. Amma ka haɗa da Baba. Da su nake sayen maganinsa. In ka tafi da su, ka tafi da shi, ni ma in ga yadda rana take faɗuwa a wani wuri."

Hannunsa ya tsaya. Ya fara lissafa mata ƙuncin gidansa, da aikin matarsa, da jarrabawar yara. Tana tsaye tana kallonsa har ya gama. Sai muka ji Baba daga ɗaki yana ƙoƙarin magana. Muka shiga. Ya daɗe yana kokawa da harshen kafin ta fito.

"Ni... na faɗi. Ba ita... ta ka da ni ba."

Ashe wata babbar mota ce ta tsaya a bakin titi, injinta na wani irin kuka, shi kuma ya ji a jikinsa cewa akwai abin da ya lalace, ya yunƙura zai leƙa ya gaya wa direban. Tagar ɗakinsa ma ba ta kallon titi sosai, sai an saka kai.

Yaya ya koma da yamma. Bai ɗauki komai ba.

Bayan kwana biyu ta ba ni hedifon mai kaurin a leda ta ce in kai wa Injiniya, sun yi magana a waya. Ya karɓa ya ba ni wani mai raga a baya, wanda kana iya hango cikinsa.

"Ki gaya mata wannan a buɗe yake. Za ta ji duk abin da ke ɗaki, na ɗaki ma za su ji abin da take ji. Yana da cin ƙarfi, amma amfilifayarta za ta ja shi." Ya naɗe wayar. "Sautinsa ya fi wancan faɗi, in gaskiya za a bi. Sai dai ba ya ɓoye mutum."

Haka kuwa aka yi. Magana tana fita tas, aiki bai tsaya ba. Amma tare da maganar tana jin tarin Baba, da juyinsa a gado, da ɗigar famfon kicin, da kekena ta cikin bango. Da hannun ya ɗaure, cokalin ma ya gagare shi, sai kira, kuma yanzu komai sai an ba shi a baki. Takan buga layi biyu ta tashi. Waƙar kuwa ta daina. Na tambaye ta dalili, ta ce ta gwada, amma kunnenta ɗaya na wurin mawaƙiyar ɗaya na ɗakin Baba, ba ta nan ba ta can, gara ta haƙura.

Ana nan sai tsohon maigidanta na wurin aiki ya neme ta. Ya buɗe nasa ofishin, yana son wadda ya sani. Ranar da za ta je ganinsa ta fito da takalmin nan mai tsini, ta goge shi, ya matse ta amma ta sa. Ni na zauna da Baba. Ta dawo fuskarta kamar an kunna fitila, an ce ta fara farkon wata. A tsaye ta kira Yaya, ko jaka ba ta ajiye ba. Wannan karon kunya ta kama shi, ya ce ta nemo mai jinya, shi zai ɗauki nauyi.

Aka samo wata mata mai kirki, ta san aikinta. Ta zo tun kafin wata ya ƙare don Baba ya saba da ita. Baba ya ƙi buɗe mata baki. In ta kawo cokali sai ya datse haƙora ya zuba wa ƙofa ido. In za ta juya shi sai ya saki jiki gaba ɗaya, ga nauyi. Matar ta yi iya yinta, har ranar da bayanta ya riƙe a wajen ɗaga shi. Ta samu Sakatariya a falo ta ce:

"'Yar'uwa, ki yafe ni. Tsohon nan ba jinya yake ƙi ba, ni yake ƙi. Ga matakalar nan kuma, gwiwata ba za ta kai ni ba."

An sake gwada wani namiji, shi ko mako bai rufa ba. Yaya ya ce a ƙara haƙuri zuwa ƙarshen shekara, yana gyara wani ɗaki a gidansa. Sakatariya ta shiga wurin Baba ta durƙusa a gaban gadon. Ina bakin ƙofa.

"Baba, da safe zan fita in dawo da yamma. Kullum zan dawo. Ka ci abinci a hannunsu, don Allah."

Ya dube ta, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi. Ya ce, "Tsoro... nake ji, uwata."

Ta miƙe. Ta gyara masa matashi, ta fito ta kira tsohon maigidan ta ba shi haƙuri. Na ji tana dariya a wayar, tana cewa ai ba komai, wata rana. Da ta ajiye ta zauna a teburin ta sa hedifon, ta taka abin takawar. Na tsaya a bayanta ina jin muryar wasu mutane na fita ta ragar, suna gardama a kan wurin ajiye motoci, ita kuma yatsunta na bin su ba kuskure.

Yau shekaru ke nan. Hannun Baba ya warke, bai dai koma daidai ba. Ɗakin da Yaya ke gyarawa an sa masa rufi, sai babban ɗansa ya yi aure ya shiga. Sakatariya ta fara furfura a gaban goshi, kuma kwanan baya ta ce mini kunnenta na hagu yana mata tsuwwa in gari ya yi shiru. Na ce ta je a duba. Ta ce to, in an samu rana.

Ɗazu da safe ina kulle ƙofa zan kai ɗinki ta leƙo, ta miƙo mini wata gajeriyar waya da ta tsage a wuya, wadda ke haɗa akwatinan biyu.

"In kin bi ta layin masu kayan lantarki, ki karɓo mini irinta. Ki gaishe da Baba Injiniya."

"Ai ya bar wa ɗansa shagon, tun bara. Ban gaya miki ba?"

"Allah sarki." Ta jingina da ƙofa. "Wai da gaske ne an rushe tashar bas ɗin nan?"

"An rushe. Wani dogon gini ake yi a wurin."

"Na mene ne?"

"Oho. Wasu sun ce otal, wasu sun ce asibiti."

"To ki tsaya ki duba da kyau, in kin dawo ki ba ni labari."

Baba ya yi tari daga ciki. Ta juya kai ta saurara, tarin ya sake zuwa, ta ce mini sai na dawo, ta tura ƙofar.